Shekarar da Adabin Turanci ya ci mini

Mako mai zuwa zan tattara kayana daga Makarantar Horon Lauyoyi ta Bagauda, amma har yau ban gama hucewa da abin da aka yi mini a SS1 ba.

Ranar rabon aji, mataimakin shugaban makarantarmu ya duba sakamakona na JSS3 ya ce, "Kai Kimiyya za ka. Ajin Arts ai matattarar ragwaye ce." Na ce, "Malam, lauya nake son zama." Ko ɗago kai bai yi ba, ya sa biro ya rubuta sunana. Da na kai wa Baba kuka, cewa ya yi malam ya fi mu sani.

Shekara 3 ina fama da lissafin sinadarai. WAEC ta fito da kyau, har Umma ta raba waina a layinmu. Sai a wurin rajistar JAMB yaron da ke kan kwamfuta ya juyo: "Yallaɓai, ina Adabin Turancinka?" A tsaye a bakin teburin nan, mutane na turo ni ta baya, na san cewa mai neman karatun lauya sai da kiredit 5, cikinsu har da Turanci da Adabin Turanci, kuma a JAMB ɗin ma sai ya rubuta shi. Ni ko bangon littafin ban taɓa buɗewa ba.

Shekara guda na zauna. Da rana ina ninke atamfa a shagon yayana a Kantin Kwari, da dare ina haɗa gumi da waƙoƙin Turawa da wasan kwaikwayo, har na rubuta jarrabawar ƙarshen shekara ta masu zaman kansu. Laifina a ciki? Ƙasidar JAMB kyauta take a intanet, ban duba ba.

Wa ƙannena: ku riƙe darasin Gwamnati ko Tarihi. Kar ku saki Lissafi. In BUK kuke hari, inda ake haɗa dokar Turawa da Shari'ar Musulunci cikin shekara 5, Larabci zai cece ku ranar da aka shiga darasin rabon gado. Wasu jami'o'in kuma ba sa karɓar haɗin sakamakon zaman jarrabawa biyu.

Kwanaki na haɗu da malamin a wani ɗaurin aure a Gwammaja. Ya riƙe hannuna gam yana gaya wa mutane, "Barista ne, ɗalibina ne, ni na ɗora shi a hanya." Na rusuna na ce, "Allah ya ƙara girma, Malam."