Daga Bloomington, Zuwa Ga Masu Tambayata Ko Su Zo Ƙaramin Gari

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya zafi. Ku yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, zumunci yana nan, magana ce ta taru.

Tun watan Maris, lokacin da jami'o'in Amurka ke aika wa mutane takardun samun gurbi, saƙo iri ɗaya nake samu: "Malam, an ɗauke ni, amma garin ko a taswira da ƙyar na gano shi. In je, ko in dakata ko Allah zai ba ni New York ko Houston?" Mutum na bakwai da ya yi mini wannan tambaya ƙanen abokina ne, ya kira da ƙarfe bakwai na safiyarsa, ya manta ni a nan biyun dare ne. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in tura masa. Zan taɓo haya, sanyi, abinci, makarantar yara da zaman iyali, iya abin da na gani da idona.

Inda nake sunansa Bloomington, a kudancin jihar Indiyana. Ƙidayar 2020 ta ba shi mutum wajen dubu 80, Jami'ar Indiyana kuwa, wadda aka kafa a 1820, ɗalibanta a nan sun haura dubu 40. Ku yi lissafin da kanku. Wanda ya zauna Samaru ya san yadda mai shayi da mai hoton takardu da ɗan acaɓa suke shiga wani hali idan aka tafi yajin aiki. To haka nan ma, sai dai a nan ba yajin aiki ake ba, hutu ne, kuma kowace shekara ranar ba ta saɓawa. Ana gama bikin yaye ɗalibai a farkon Mayu gari zai yi tsit, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Kujeru da katifu da tukwane a bakin bola, masu kyau, an bar su ga wanda ya ga dama. Teburin da nake rubutu a kai yanzu daga can na ɗauko shi, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Bari in fara da haya, don ita ce ta fi ba ni haushi.

A gida, in ka sauka Zariya ba ka da masauki, wani ɗan garinku zai ba ka tabarma, cikin mako ɗaya dillali ya nuna maka ɗaki, ka biya kuɗin shekara, shi ke nan. A nan mai gida ba kuɗinka kawai yake so ba, tarihinka yake so. Na cika fom ɗin wani kamfanin haya tun ina gida, suka ce in kawo lambar nan ta gwamnati da kowane ma'aikaci a Amurka yake da ita. Na ce ba ni da ita. Ba a ba ɗalibi baƙo lambar sai yana da aiki, kuma sai ya shigo ƙasar. Suka ce to in kawo shaidar cewa ina biyan bashi a kan kari. Na ce, da alfaharina, ni ban taɓa cin bashin banki ba. Ashe abin da na ɗauka yabo ne, a wurinsu laifi ne: wanda bai taɓa cin bashi ba, ba a san halinsa ba. Suka ce to in kawo mazaunin Amurka da zai tsaya mini, wanda in na gaza shi zai biya. Wa na sani? Banki kuma ba zai buɗe mini asusu ba sai da adireshi, adireshin da nake nema ke nan. Wannan ya tura ka wurin wancan, wancan ya dawo da kai wurin wannan. A ƙarshe kuɗin ajiya ninki biyu na biya, daga ɗan abin da ya rage bayan dala 350 na rajistar ɗalibai baƙi da kuɗin biza da tikitin jirgi. Alawus ɗin farko kuwa sai da na yi makonni a ƙasar kafin ya shigo. Duk wanda zai zo, ya zo da abin da zai riƙe shi wata biyu, kada ya ce "ai da na sauka za a fara biyana."

Tsugune ba ta ƙare ba. Hayar garin jami'a daga Agusta zuwa Yuli take, wata goma sha biyu cif, ko kana nan ko ka tafi gida hutu. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ban cika wata uku a gidan ba, ban ma gama sanin inda makunnin fitilar banɗaki yake ba, sai ga takarda a ƙofa: zan sabunta hayar baɗi ko a ba wani? A watan Oktoba ake tambayarka inda za ka kwana Agusta mai zuwa. Ɗalibai 'yan ƙasa sun saba, tun da wuri suke kame gidajen kusa da makaranta, baƙon da ya samu bizarsa a Yuli sai ragowa. Kuma kada a ruɗe ku da cewa ƙaramin gari arha ne. Ya fi Chicago sauƙi, ba musu, amma inda mutum dubu 40 ke neman ɗaki a wata ɗaya masu gidaje ba sadaka suke yi ba. Kusan rabin alawus ɗina nan yake tafiya. Ku kuma duba unguwa kafin ku sa hannu. Layukan da yaran digirin farko suka cika, daren Alhamis zuwa Asabar kiɗa ne da shaye-shaye har gab da asuba, balle a watan Afrilu, makon tseren kekensu da suke kira Little 500.

Sai sanyi. Na san kowa ya ji labari, amma jiki magayi. Wata rana a Nuwamban farko wani abokin karatuna ya ce gobe za a yi talatin. Na yi murna, na goge kaftani na shadda, na ce yau zan fita kamar mutum. Ma'aunin zafinsu ba irin namu ba ne: 32 a wurinsu shi ne sifili a wurinmu, inda ruwa ke daskarewa. Minti goma na yi a tashar bas, iska na shiga ta hannun riga tana fita ta wuya, kunnuwana kamar an yanka da reza. Hunturun Kano da muke hura wuta a kwano muna cewa yau an yi jaura, a nan shi ake kira yanayi mai daɗi, har ka ga yaro da gajeren wando. A Janairu rana ba ta fitowa sai wajen takwas, kafin shida ta faɗi, wani makon ma ba za ka gan ta ba sam. Na kankare ƙanƙarar gilashin mota da katin banki kafin in san akwai abin da ake saya don haka. Na zame a kan ƙanƙarar da ba a gani, na zauna daɓas a gaban ɗakin karatu, wata tsohuwa ta tsaya tana tambayata ko a kira motar asibiti, ni kuwa kuɗin motar nake tsoro fiye da ciwon. Fata ta bushe, hanci ya yi jini, ka taɓa ƙofa lantarki ya fizge ka. Man kaɗanya dai, ku zubo shi da yawa. Rigar sanyi kuma kada ku saya a gida, wadda ake sayarwa a 'yan gwanjo ba ta wannan sanyin ba ce.

Bazara kuma ta zo da nata. A watan Yuni magariba sai bayan tara na dare, isha'i kusan sha ɗaya, asuba kafin biyar. Mun yi sa'a azumin 2024 da na 2025 wajen Maris suka faɗa.

Kada ku ce ba abin kirki, akwai, kuma da yawa. Don karatu na zo, kuma ban taɓa ganin wurin da ya dace da karatu kamar nan ba. Daga gidana zuwa aji minti goma sha biyar a bas, kuma da katin makaranta kyauta nake hawa. Abokina da ke New York awa ɗaya yake yi a jirgin ƙasa zuwa, awa ɗaya dawowa, a ɗakin da bai kai kicin ɗina ba. Malaminka za ka haɗu da shi a kanti yana tura keken kaya, ku tsaya ku yi maganar babi na uku. Na fito daga ɗakin karatu ƙarfe ɗaya na dare, na taka zuwa gida, abin da kawai ya tsorata ni barewa ce. E, barewa, har uku, suna kiwo a bayan gidana, ko kallon kirki ba su yi mini ba. Na tuna maharban garinmu na yi dariya ni kaɗai. Gine-ginen makarantar da farin dutsen yankin aka yi su, irin wanda aka ɗiba aka gina dogon benen Empire State da hedikwatar tsaro ta Pentagon. Kuma garin ba baƙon Hausa ba ne kwata-kwata: Farfesa Paul Newman, wanda ya yi aiki a cibiyar nazarin harsunan Nijeriya a Kano a shekarun 1970, a nan ya daɗe yana koyarwa, kuma na tarar da littattafan Hausa a kan kanta waɗanda na nema a gida na rasa. Ranar 8 ga Afrilu 2024 a nan na ga husufin rana cikakke, wajen minti huɗu, duhu da rana tsaka, tsuntsaye suka yi shiru, masu ihu na ihu, ni kuwa sai salati.

Masallaci akwai, a titin Atwater, dab da makaranta. Sahu ɗaya za ka ga Balarabe, ɗan Indonesiya, ɗan Pakistan, Baturke, ɗan Senegal. Ranar Sallah kuwa ana idar da idi kowa ya duba agogo, akwai aji ƙarfe goma.

Abinci ba zan tsaya ba: naman halal ana samu, kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya sai an je Indianapolis, tafiyar awa ɗaya, ko a roƙi mai zuwa daga gida. Wanzamin da ya iya gashinmu ma sai an bincika. Makarantar yara kyauta ce, bas na zuwa ɗaukarsu, sauran bayani sai wani jiƙon.

Abin da nake so mai iyali ya ji shi ne wannan. Da muka ce ƙaramin gari, ku kuna hango ƙauye, inda kowa ya san kowa, inda in matarka ta haihu maƙwabta za su cika gida kafin ka dawo daga masallaci. Ba haka ba ne. Garin ƙarami ne, amma yawancin waɗanda za ka yi hulɗa da su matafiya ne irinka. Wanda kuka saba da shi bana, baɗi ya gama ya tafi Texas. Shekara huɗu, sau huɗu ina taya mutane ɗaure kaya a watan Mayu. Ni ina da aji, ina da ofis, ina da awa ashirin na aiki a mako, iyakar abin da doka ta yarda wa ɗalibi baƙo. Mai ɗakina kuwa bizar rakiya gare ta, doka ba ta yarda ta yi aikin ko dala ɗaya ba. Matar da a gida take koyarwa a sakandare, take da adashi uku, ba a biki ba a suna babu ita, ta zo ta zauna tsakanin bango huɗu, dusar ƙanƙara a waje, ba mota, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce "kin tashi lafiya?" Wata rana a Fabrairu na dawo na tarar ta kunna rediyon Kano a waya, sanarwar rasuwa da ɗaurin aure ake karantowa, na mutanen da ba mu sani ba, tana zaune tana saurare. Ban ce komai ba. Washegari na fara koya mata tuƙi a filin ajiye motoci na wani kanti, kuma na daina cewa ba ni da lokacin kai ta wurin matan masallaci.

A babban birni akwai 'yan uwa. A Bronx ta New York za ka ji Hausa a kan titi, ta mutanen Gana da Nijar, a yi suna a yi biki, a sayi waina. Wanda ya san zuciyarsa ba ta jure kaɗaici, ko matarsa ce ba ta jurewa, ya sa wannan a ma'auni, ya fi bambancin kuɗin haya nauyi. Gwauro kuma, ko wanda ya bar iyali a gida don ya yi shekara biyu ya koma, ni dai da zan ba shi shawara cewa zan yi ya karɓi gurbin da ke hannu, musamman in da alawus a ciki. Kafin ya amsa ya tambayi sashensa abu uku: alawus na wata nawa ne a shekara, goma ko sha biyu, inshorar lafiya ta haɗa da iyali, kuma filin jirgi mafi kusa tafiyar awa nawa ce. Ranar da aka kira ni aka ce Baba ba lafiya, sai da na yi awa ɗaya a mota da jirgi uku kafin in ga Kano.

Ƙanen abokina, kai da ka tashe ni biyun dare, ka turo mini takardar hayar kafin ka sa hannu, in duba maka. In kuma Allah ya sa nan za ka zo, akwai tebur da fitila da na ajiye tun Mayu. Ka taho mana da yaji da kuka, kilishi kuwa kada ka soma, za su ƙwace a filin jirgi.

A gaida mutan gida.

Naku,
ɗan uwanku a Bloomington