Ina Ruwan Abuja da Jirgin Ruwa?

Tambayar da baƙi suka fi yi mana ke nan idan suka shigo ofishinmu. Gaskiya ne teku tana can Legas da Onne, amma mu nauyin aiki da gajiya a ƙwaƙwalwar ma'aikacin jirgi muke aunawa, kayanmu kuwa jaka guda ta ishe su. Mu kai su bakin ruwa, mu ɗauko bayanai, mu dawo Abuja mu tace.

Na'urar sunanta EEG. Tana ɗaukar ɗan lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa ta fatar kai, wanda da ƙyar yake wuce maikrobolt 100. Bajamushe Hans Berger ne ya fara ɗaukarsa a jikin ɗan Adam a 1924. Amfaninsa ga masu jirgi a fili yake. Yarjejeniyar STCW, ta ƙasa da ƙasa kan horo da aikin ma'aikatan jirgin ruwa, ta ce ma'aikaci ya huta aƙalla awa 10 cikin 24, da awa 77 a mako. To, takardar hutu awannin da aka rubuta kawai take nunawa. Ba ta faɗin halin da jami'i yake ciki da ƙarfe huɗu na asuba, ido kan radar, kunne kan rediyo, ga ƙananan kwale-kwale suna gilmawa.

Aikin daga awon kai yake farawa. Da tef na tela muke aunawa daga gindin hanci zuwa tudun ƙeya, bisa tsarin 10-20. A kashi 30 cikin ɗari na wannan tsayi ake samun gurbin Fz, a kashi 50 Cz, a kashi 70 kuma Pz. Hular da ke riƙe ilektirod, wato 'yan ƙarafan da ke ɗaukar lantarkin a waɗannan gurabe, kan zo da lamba 54, 56 ko 58, kuma idan ta yi wa mutum yawa, ilektirod sai ya riƙa yawo. Kowane gurbi sai an ware gashi, an ɗan goge fatar, an ɗiga jel da sirinji maras tsini, har turjiyar da fata ke yi wa lantarki ta sauka ƙasa da kilo'om 5. Nan hannu yake nuna kansa. Jel ya yi kaɗan, sigina ba zai fito ba. Ya yi yawa, sai ya malala ya haɗe gurbi biyu, su riƙa nuna abu ɗaya kamar tagwaye, wanda bai ƙware ba ya ɗauka aiki ya yi kyau. Muna roƙon kowa ya wanke kai kafin ranar, kada ya shafa mai ko basilin. Mai ƙwal kwabo shi ne ɗan gatanmu, sai dai kada askin ya zama na ranar, don jel yana yi wa sabon yanka zafi. Mai kitso kuwa sai an bi tsagar da haƙuri.

Kafin a shiga ɗakin tuƙi, mutum zai zauna minti biyu ido rufe, minti biyu ido buɗe. Da ya rufe ido, igiyar alfa, mai bugu 8 zuwa 13 a daƙiƙa, za ta taso a ƙeya. Idan ba mu gan ta ba, mu sake duba ɗaurin tun daga farko. Wannan awon shi ne mizanin mutumin, domin kan kowa da irin nasa. Idan aiki ya yi nauyi, igiyar tita mai bugu 4 zuwa 8 takan ƙaru a Fz, alfa kuma ta ragu a Pz. Damuwa ta fi wuyar kamawa da EEG kaɗai, shi ya sa muke haɗawa da awon bugun zuciya da tambayoyi shida na NASA-TLX, ma'aunin nauyin aiki, waɗanda ma'aikacin zai amsa da kansa bayan an gama.

A nan 'yan kwaikwayo suke ɓata mana suna. Mutum ya yi odar wani ɗan kambun goshi mai ilektirod ɗaya ko biyu, ya haɗa da waya, ta nuna masa lamba, ya ce ga damuwar kyaftin. Goshi kuwa shi ne mahaukacin wuri: ƙiftawar ido ɗaya takan ninka siginar ƙwaƙwalwa sau da yawa, ɗaure fuska ko cije haƙori kuma sai su cika layin beta, igiyar da ta fi alfa saurin bugu, da hayaniyar tsoka. Mai cin goro a bakin aiki ma sai na'urarsu ta ce ya fi kowa zurfin tunani! Sannan mai jirgi ya zo mana da farashinsu yana neman ragi.

Jirgi ma da nasa sharrin. Wutar ƙasarmu bugu 50 take yi a daƙiƙa, jiragen teku da yawa kuwa 60 suke amfani da shi. Wanda ya bar matatar da ke cire ƙugin wuta daga sigina a kan 50 kamar yadda ya saba a Abuja zai kwaso ƙugin wuta ya ɗauka tunani ne. Gumi yana sa layi ya riƙa lilo a hankali, girgizar inji tana kaɗa wayoyi, don haka muke ɗaure su a bayan wuya, mu bar na'urar kan batiri. Mutum ɗaya kuma yana tsaye da agogo yana rubuta lokacin kowane abu: an kira a rediyo, ƙararrawa ta yi kuka, an sauya akala. Ba tare da wannan ba, layukan ba su da ma'ana. Awo a ɗakin kwaikwayon tuƙi ya fi sauƙi, don ana iya maimaita hazo ɗaya da cunkoso ɗaya ga mutum goma.

Dillalan kaya kuma sai addu'a. A yi odar ilektirod na azurfa, a kawo wanda aka shafa wa azurfar a sama, wanki kaɗan ya fara ɓarewa, ko jel da ya kusa ƙare wa'adi. Yanzu kowane sabon kaya sai mun jiƙa shi a ruwan gishiri mun ga layinsa ya kwanta kafin ya hau kan kowa.

Rahotonmu yana nuna wane sashe na aiki ne ya fi cin ƙwaƙwalwa, da awannin da gyangyaɗi ke shigowa, don a gyara jadawali ko a ƙara mutum a ɗakin tuƙi. Ba ma gano cuta, wannan na likita ne. Kowane ma'aikaci yana sa hannu kan amincewarsa kafin hula ta taɓa kansa, kuma lamba muke sa masa a rahoto maimakon suna. Mai jirgin da yake neman hujjar korar wani, tun a waya muke ba shi haƙuri.