Saura wata huɗu ka ce ka gaji?

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci a unguwar Aboabo da ke Kumasi a Ghana, ɗan ƙanwata ya tare ni a ƙofar gida ya ce, "Kawu, na gaji da makaranta, abokina ya samo mini pragiya zan fara ja." Pragiya ɗin nan keke ne mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja. Saura wata huɗu ya zauna jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare. Bakina ya mutu, domin irin maganar da na yi wa mahaifina ke nan a 1983.

A wani ƙaramin ƙauye kusa da Ejura na tashi, cikin manoman doya da masara. Da asuba mu yi karatun allo a zauren malam, gari na wayewa kowa ya ɗora kujerarsa a ka mu nufi makarantar boko, wani ginin laka da iska ke yaye rufinsa kusan kowace damina. Mu share fili, mu ɗebo wa malamai ruwa a rafi, sannan a shiga lissafin ka, wanda duk ya yi jinkirin amsa ya sha bulala. Duk da haka ina ƙaunar wurin, kuma lissafi bai taɓa ba ni wuya ba.

Ina aji biyu na midil aka yi babban fari, gobarar daji ta cinye gonaki, ga 'yan ƙasa wajen miliyan guda da aka koro daga Nijeriya sun dawo babu abin da za a ba su. Na daɗe ina gaya wa mutane yunwa ce ta fitar da ni daga aji, kuma ban yi ƙarya ba, domin akwai ranakun da ba a ɗora tukunya a gidanmu. Amma abin da ya kore ni kunya ce. An kira sunana gaban ɗalibai saboda kuɗin littattafai, ga wandona a yage, yara suka yi dariya, na rantse ba zan koma ba. Na hau motar doya, muka bi ta Mampong zuwa Kumasi, na zama yaron mota a tashar Kejetia. 'Yan kuɗin da nake aikawa sun ciyar da ƙannena, to wa zai ce laifi na yi? Mahaifina ma bai hana ni ba, da ma yana ɗari-ɗari da boko. Sai dai akwai yara biyu a ajinmu da gidajensu suka fi namu talauci, suka daure suka gama. Ni kuwa har yau idan takardar banki ko ta fili ta zo, sai na nemi yaro ya karanta mini, ya san sirrina kafin ni in sani.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, ku 'yan makaranta, amma kaɗan suka rage. Kada ku bar aji a ranar da aka ɓata muku rai, ku kwana tukuna. Ku zauna jarrabawar ko da kuna ganin za ku faɗi. Na san masu digiri da ke zaman banza a zango, saboda haka ku koyi sana'a tun yanzu, kada ku dogara da takarda. Amma fa takardar nan ku riƙe ta da hannu biyu.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne tun 2017 sakandare kyauta ce a Ghana, ba ku ɗaukar kujera a ka, ba ku ɗebo ruwa a rafi, amma ku raba dare kuna latsa waya, da safe ku ce kun gaji. Gajiyar me?

Shi yaron da na gama, cewa kawai ya yi, "To, Kawu." Na shaida wa uwarsa ranar Litinin da kaina zan raka shi har ƙofar aji.