Kallon bidiyon batsa da raunin gaba: abin da ya kamata magidanci ya duba

A ƙauyukan Kano da Jigawa, bidiyon batsa ba sai da data yake shiga waya ba. A shagon caji ake tura shi cikin memori. Istimna'i, wato fitar da maniyyi da hannu da kan biyo bayan kallon, ba ya ƙarar da maniyyi kuma ba ya kashe haihuwa, domin jiki kullum yana yin sabo. Matsalar tana cikin sabo: wanda ya saba da matsi mai ƙarfi na hannu da sauya bidiyo bayan bidiyo, kuma cikin gaggawa don kada a gan shi, yana iya zuwa ga iyalinsa gaba ta ƙi tsayawa, ko ya kawo da wuri. Sai fargaba ta shiga, ita kuma ta ƙara kwantar da gaban.

A fara da lura da asuba. In gaba tana miƙewa da kanta lokacin farkawa, galibi jijiyoyi lafiya suke, damuwa ce ko sabon kallo. A cire memorin, a daina kwana da waya a gefen katifa, a ba jiki makonni. In ba ta miƙewa ko da asuba, a je asibiti a auna sukari da hawan jini. Su ne kan gaba wajen lalata jijiyoyin, da taba sigari.

Maganin ƙarfin maza da ake talla da lasifika ranar kasuwa, ba a san abin da ke ciki ba. Tramadol kuwa yana jinkirta kawowa, amma yana kama mutum har ya kasa dainawa, yana jawo farfaɗiya. Gaba ta wuce awa 4 a miƙe, asibiti kai tsaye.