Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kwana Uku a Granada da Yuro 70

A makon jiya mun tsaya inda na baro Madrid a motar dare, don ta fi araha, kuma ta hutar da ni biyan masaukin kwana guda. Tafiyar wajen awa 5 ce. Da asuba muka shiga Granada, a kudancin Sifaniya, sanyi na ratsa ƙashi. A jakar goyona akwai kaya kala biyu, sallaya, garin kwaki, ƙuli-ƙuli da sukari. A aljihu kuwa, Yuro 70.

Masaukin da na kama ɗaki ne na mutum takwas, gadaje masu hawa biyu, kicin na kowa da kowa. Abinci bai ba ni wahala ba. A garin nan in ka sayi abin sha, ko lemo ne, sai a haɗo maka da ɗan abin taɓawa kyauta, suna ce masa tapas. Sai dai mutanen Sifaniya da naman alade kamar Bahaushe da tuwo ne, shi ya sa na riƙe "sin cerdo" a bakina, wato ban da alade.

Alhambra ce ta kawo ni, wato tsohuwar fadar sarakunan Musulmi ta garin. Tun ina ɗan Islamiyya malaminmu ke ba mu labarin Andalus, wato Sifaniya ta zamanin mulkin Musulmi, in ya zo kan 1492, shekarar da sarkin Musulmi na ƙarshe ya miƙa makullan birnin Granada, sai muryarsa ta canza. Da na isa ƙofar aka ce tikitin shiga fadar sarakunan Banu Nasr ya ƙare, tun makonni ake saye a intanet. Wallahi sai da gwiwata ta yi sanyi.

Na zaga inda ake shiga kyauta, sannan na gangara na tsallake kogin Darro, na hau unguwar Albaicín. Lungunanta sun tuna min da cikin birnin Kano, sai dai nan hawa ne har numfashi ya ɗauke. A can sama babban masallacin garin yake, wanda aka buɗe a 2003, bayan sama da shekara 500 da ƙarewar mulkin Musulmi. Daga lambunsa ga Alhambra nan ja wur, dusar ƙanƙara a kan duwatsun Sierra Nevada a bayanta. Da ladan ya kira Magariba ban san sanda hawaye ya zubo min ba.

Bayan sallah wani dattijo ɗan Maroko ya tambaye ni da Larabci ko na shiga fadar.

"Baba, ban samu tikiti ba."

"Ɗana, ka riƙa dubawa cikin dare. Wani lokaci akan samu."

Can tsakar dare, ina kwance a gadon sama kowa na barci, sai ga gurbi ɗaya a wayata, na gobe da safe. Na ƙirga abin da ya rage. In na saya, kuɗin motar komawa Madrid ba zai cika ba.

Mu haɗu mako mai zuwa.