Kifi, Gyara da Tambayar Alade: Cin Tapas a Granada

A Granada, da ke kudancin Sifaniya, idan ka sayi abin sha ana haɗo maka da ɗan abinci a ƙaramin faranti ba tare da an ƙara maka ko kwabo ba. Shi ne tapa, jam'insa tapas. Abu mafi kusa da shi a wurinmu shi ne gyaran da mai awo ke ƙara wa wanda ya saya, sai dai wannan gyaran dafaffe ne, kuma yakan kai a ƙoshi da shi. A Basalona ko Sevilla kuɗinka za ka sa ka sayi kowane faranti. Granada da maƙwabtanta Almería da Jaén suna cikin waɗanda suka riƙe al'adar kyautar. Wani aiki ne ya kai ni jami'ar garin, wadda aka kafa tun 1531, kuma ɗalibanta sun haura dubu hamsin. Ina ganin yawan ɗaliban nan na daga cikin abin da ya hana al'adar mutuwa, don mai shagon da ya daina ba su gyara, gobe kujerunsa ne za su yi masa hira.

Sai da cikina ya saba da agogonsu kafin komai ya daidaita. Ba a cin abincin rana kafin ƙarfe biyu, na dare kuwa sai tara ta gota. Tsakanin huɗu da takwas yawancin wuraren girki a rufe suke, ko ƙofar shagon na buɗe murhun a kashe yake. Dalilin ba lalaci ba ne: a 1940 gwamnatin Franco, shugaban ƙasar na lokacin, ta tura agogon ƙasar gaba da awa guda, ba a kuma mayar da shi ba, ga ƙarin awa guda da ake yi a lokacin zafi. Shi ya sa a tsakiyar bazararsu rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi. Da na daina kallon agogo na koma bin lokutan salla, sai na ga ashe ba wani baƙon abu ba ne: ana cin na rana bayan azahar, na dare kuma wajen magariba. Duk shagon da ka gani yana raba abincin dare da ƙarfe shida, to don baƙi ya buɗe, kuma farashinsa na baƙi ne.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Wurin da ake cin tapas sunansa bar, kuma ana sayar da giya a cikinsa. Gaskiya ne cewa bar ɗin Sifaniya ba gidan mashaya ba ne yadda muka san shi. Da safe nan ake shan kofi da gasasshen burodi mai tumatir da man zaitun, da rana za ka ga kaka da jikokinta, ga keken jariri a gefe. Amma kwalaben suna nan jere a bayan kanta. Wani dattijo da muka yi tafiyar tare, malami ne a wata jami'a ta Arewa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce min, "Malam, ni dai ba zan zauna a teburin da ake zagaya giya ba. Ka shiga, in ka fito ka same ni a wajen masu shayi." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ba laifi." Ban ja da shi ba, don hujjarsa tana da tushe, kuma bai kwana da yunwa ba ko sau ɗaya. Ni abin da na zaɓa shi ne in je da rana ko farkon dare, in nemi wuraren da aka sani da kifi, in tsaya a gefena, in ci in fita. Kowa ya san inda zuciyarsa ke natsuwa.

Abin sha ma yana buƙatar lura. Lemon kwalba yana zuwa da tapa kamar yadda giya ke zuwa da ita, amma kofi ba ya zuwa da komai, ruwa kuma ya danganta da shagon. Akwai ruwan inabi mai zaƙi da ake kira mosto, wanda ya zama abin shana. Sai dai a wasu ƙauyukan Andalus, har da na kewayen Granada, mosto na nufin sabuwar giyar da ba ta daɗe ba. Saboda haka nakan ce "mosto sin alcohol", in kuma duba kwalbar da aka zuba daga ciki. Jan abin nan mai ƙanƙara da kowa ke riƙe da shi lokacin zafi, tinto de verano, giya ce aka sirka da lemo.

Yanzu ga babbar maganar, alade. Da ka shiga yawancin shagunan za ka ga cinyoyinsa a rataye daga rufi, busassu, da ɗan mazubi a ƙasan kowace don tarar maiƙo. Shi ne jamón, kuma lardin Granada na alfahari da na garin Trevélez da ke can saman duwatsun Alpujarra. Wanda ke rataye ba shi ne matsala ba, tunda kana ganinsa. Matsalar ita ce wanda aka yayyanka ƙanana aka barbaɗa a kan abin da ba ka zata ba. Mutanen nan da yawa ba sa lissafa jamón a cikin nama, sun ɗauke shi kayan ɗanɗano. Idan ka ce ba ka cin nama, za a iya kawo maka wake da gutsattsarinsa a ciki da zuciya ɗaya. Shi ya sa nake jero su ɗaya bayan ɗaya tun kafin a zuba min abin sha: "sin cerdo, sin jamón, sin chorizo", wato ban da alade, ban da busasshiyar cinya, ban da tsiran alade. Daga baya na gano hanya mafi sauƙi, in ce "solo pescado", kifi kawai. Ba a taɓa ɓata min rai a kan haka ba. Granada na da Musulmi da yawa, masu shaguna sun saba da tambayar.

Dole a faɗa da wuri, domin a shaguna irin na da ba kai ke zaɓar tapa ba. Mai hidima zai juya ya ƙwala wa madafa "primera!", a kawo maka ta zagayen farko. In ka ƙara abin sha ya ce "segunda!", a kawo wata daban, galibi wadda ta fi ta farko. Yadda yake riƙe lissafin mutum talatin a kansa ba tare da biro ba, har yau abin yana ba ni mamaki. In faranti ya riga ya sauka gabanka sannan ka ce ba ka ci, ka jawo asara, kuma ka sa mutumin jin kunya a banza.

Ga waɗanda na koyi kauce wa. Croquetas, 'yan dunƙulen nan masu laushi da ake soyawa, yawanci da jamón ake yinsu, sai in an ce na kifin bacalao ne ko na alayyafo. Salmorejo, miyar tumatir da burodi mai sanyi wadda asalinta daga Kurɗuba ne, ita kanta lafiya lau take, amma a samanta ake zuba dafaffen ƙwai da jamón, don haka sai ka ce a bar maka ita haka nan. Habas con jamón sunansa ya riga ya tona shi. Carne en salsa, nama cikin miya, kusan kullum alade ne. Wanda ya fi yaudara shi ne pincho moruno, tsire mai kayan yaji da ake dangantawa da Larabawan Magrib, amma a yawancin shaguna da alade ake yinsa. Sai kuma girkin da ake zuba wa giya: wutsiyar sa da ake kira rabo de toro, da ƙananan kifin kwanson nan almejas. Har kayan zaƙi ba su tsira ba, don mantecados da polvorones na lokacin Kirsimeti da kitsen alade ake murza su.

Wanda ya karanta wannan zai ce to me ya rage? Abin da ya rage shi ne mafi daɗin abin da garin ke da shi. Teku ba ta da nisa, tashar Motril tafiyar kamar awa guda ce a mota, kuma lardin Jaén da ke maƙwabtaka shi ne cibiyar man zaitun ta ƙasar. Kifi sabo, gari kaɗan, mai mai zafi, gishiri da lemon tsami. A titin Navas, kusa da ginin hukumar birni, akwai Los Diamantes, wanda ke soya kifi tun 1942. Wuri ne matsattse, ana tsaye kafaɗa da kafaɗa, hayaniya kamar ana faɗa alhali hira ce. A nan na fara cin boquerones, 'yan ƙananan kifi da ake cinyewa har ƙaya, da cazón en adobo, naman wani ƙaramin kifin shak da aka jiƙa cikin ruwan tsami da tafarnuwa da kayan ƙamshi kafin a soya. Yadda ɓawon ke ƙaras-ƙaras cikin kuma na narkewa, ban ga abin da zai sa mutum ya yi kewar nama ba.

Bayan kifi, abin da na fi nema shi ne berenjenas con miel de caña: babban baƙin yalon nan ne ake yankawa fale-fale, a soya, a ɗiga masa maɗin rake. Gishiri da zaƙi a cokali ɗaya. Raken kansa Musulmin Andalus ne suka kawo nomansa gaɓar tekun Granada, aka kuma ci gaba da nomansa ƙarnuka bayan faɗuwar daular Banu Nasr, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, a 1492. Akwai remojón granadino, haɗin lemon zaƙi da kifi mai gishiri da albasa da zaitun da ƙwai, wanda a ido za ka ce ba za su jitu ba. Akwai wainar ƙwai da dankalin turawa, tortilla de patatas, da patatas a lo pobre, dankali da tattasai da aka dafa a hankali cikin man zaitun. Idan tapa ba ta ishe ka ba, kana iya sayen cikakken faranti, ración, ko rabinsa, media ración, ku ci tare.

Batun gano wuri mai kyau, ban dogara da taurarin da ake bayarwa a intanet ba, domin yawancin masu ba da su baƙi ne irina da suka kwana biyu suka wuce. Nakan duba ƙofa: in akwai wanda aka ajiye yana kiran masu wucewa, da allo mai hotunan abinci da harsuna biyar, sai in yi gaba. In kuwa na leƙa na ga tsofaffin unguwa a jingine da kanta, an rubuta abincin ranar da alli, mai shagon na kiran mutane da sunayensu, to nan ne. Shinkafar paella mai launin ɗorawa da ake tallatawa da dare ma alama ce. Asalinta ta Valencia ce, kuma 'yan ƙasa da rana suke cin shinkafa. Kewayen Plaza Nueva da dandalin San Nicolás, inda ake hango fadar Alhambra, kuɗin kallo kake biya fiye da na girki. Da ka taka zuwa unguwar Realejo, ko wajen filin wasan shanu, ko titin Gonzalo Gallas inda ɗalibai ke taruwa, sai ka ga farantin ya girma kuɗin ya ragu, kuma a wurare da yawa a can kai ke zaɓar tapa daga jeri, abin da ke sauƙaƙa wa irinmu. Abin sha biyu ko uku, ƙasa da Yuro goma, na ƙoshi. Ranar aiki da rana kuma akwai menú del día, abinci kala biyu da burodi da abin sha da kayan zaƙi a farashi ɗaya, wanda ma'aikata ke ci.

Shi kuwa Malam, dattijon abokin tafiyata, duniyarsa na titin Elvira da lungun Calderería Nueva, inda shagunan shayi na 'yan Maroko suka jeru, ga mahauta masu yanka na halal a kusa. Ra'ayina game da lungun a rabe yake. Shayin na'ana'a da kayan zaƙi na almond da zuma ba su da laifi, amma wasu gidajen abincin fitilu da labule suka fi girkinsu kyau. Dabarar Malam ta fi tawa a nan. Ranar Juma'a muka hau tsohuwar unguwar Albaicín zuwa Babban Masallacin Granada, wanda aka buɗe a 2003, yana kallon Alhambra daga ƙetaren kwarin Darro. Da aka sallame ya tari wani Bamaroke mai sayar da kaya ya tambaye shi inda shi da iyalinsa ke cin abinci. Aka kwatanta mana wani ɗan shago mara ado, mai tebur kaɗan, muka sha miyar harira mai kauri muka ci kuskus da naman rago da ya dahu har yana rabuwa da ƙashi. Wanda ke son tabbaci a kan nama yana iya neman tambarin Instituto Halal, hukumar da ke Kurɗuba mai ba da shaidar halal, ko da yake ƙananan shaguna da yawa amanar unguwa ce shaidarsu.

Wajen biyan kuɗi ba a gaggawa. Ba a kawo maka lissafi sai ka nema, kuma a kanta sai ka gama duka sannan ka biya. Tukwici ba dole ba ne, 'yan canjin da suka rage ake bari. Zama a teburin waje yakan ɗan fi tsayuwa a kanta tsada a wasu wuraren, kuma shaguna da yawa na hutawa Lahadi da dare ko Litinin, don haka a duba kafin a sha tafiya.

In zafi ya yi yawa, a shagunan askirim ana samun horchata de chufa. Kunun aya ne, fari, mai sanyi, sai dai babu dabino babu kwakwa babu citta, sukari kawai. A kewayen Valencia ake noma ayar, amma ba ta isar su, shi ya sa suke shigo da wata daga Nijar da Mali da Burkina Faso. Malam ya kurɓa ya ce namu ya fi, sannan ya sa aka ƙaro masa kofi na biyu.