Tsohon kwabo ba ya son murza

Duk wanda na koya wa yawo da na'urar gano ƙarfe, da babban yatsansa nake fama. Da zarar sulalla ta leƙo daga rami, kafin ka ce kwabo ya murje ta a jikin wando, wai yana son ganin shekara. Yashin da ke manne da ita kuwa ya riga ya kankare fuskar sarkin da ke kai.

Tagulla in ta daɗe a ƙasa kore take yi, kuma sau da yawa a jikin koren nan rubutun ya rage. Ka goge shi, ka goge rubutun. Azurfa baƙi take yi. Zinariya ce kaɗai ke fitowa fes. Ni dai 'yar roba nake ɗauka da auduga a ciki, in jefa kwabon da ƙasarsa. A gida sai ruwa zalla da tsinken sakace, a hankali, ƙarƙashin fitila. Wani in bar shi yadda yake.

Na san me ke jawo zumuɗin. Na'urar ba kuɗi take gani ba, ƙarfe take ji, ta bambanta shi da sauti: ƙusa ta yi gurnani, azurfa ta yi siririn kuka. Marfin gwangwani kuma munafuki ne, muryar zinariya yake ara. Wanda ya wuni yana tono marafai, dole hannunsa ya yi rawa.

Shi ya sa nake jinjina wa Dave Crisp, wani mai yawo da irin wannan na'ura. A 2010, a wata gona kusa da Frome a Ingila, ya ci karo da tulu cike da kuɗin Rumawa. Ya mayar da ƙasa ya rufe, ya kira masana kayan tarihi. Su suka kwashe sulalla 52,503 hawa-hawa, nauyinsu wajen kilo 160. Daga nan aka gane cewa tulun ba zai ɗauku da wannan kaya ba, watau sai da aka binne shi aka riƙa zuba kuɗin. Da ya zura hannu ya yamutsa, wa zai san haka?

Dokar can ta 1996 ma kwana 14 ta ba mai tsintuwa irin wannan ya kai rahoto. Ko ina kake, nemi izinin mai gona tukuna, ka rubuta inda kwabon ya fito da zurfinsa, sannan ka cike raminka.